Yaƙin da ke biyo soja har cikin gida

Mafi yawan finafinan yaƙi suna ƙarewa ne a ranar da jirgi ya sauke soja, matarsa da 'ya'yansa suka ruga suka rungume shi. Fim ɗin Brothers, wanda Jim Sheridan ya ba da umarni a shekarar 2009, bai yarda ya tsaya a nan ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci a sake kallonsa, musamman tun da Amurka ta kwashe dakarunta daga Afganistan a 2021 bayan shekara 20 tana fafatawa. Asalin labarin na ƙasar Denmak ne, inda Susanne Bier ta fara shirya shi a 2004, kafin a mayar da shi cikin wani gida na Amurka.

Kyaftin Sam Cahill, wanda Tobey Maguire ya fito a matsayinsa, ya tafi Afganistan, jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi, aka aiko wa matarsa Grace cewa ya mutu. Ƙanensa Tommy, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ya shiga kula da matar da 'ya'yanta mata biyu, har ya gyara musu ɗakin girki. Ashe Sam yana raye a hannun mayaƙa, kuma sun tilasta masa kashe wani ƙaramin soja da aka kama su tare. Da aka ceto shi ya dawo da ƙafafunsa, amma ya ɓoye abin da ya aikata, sai nauyin ya rikiɗe ya zama zargin cewa akwai wani abu tsakanin matarsa da ƙanensa.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne wurin cin abinci. A daren bikin zagayowar ranar haihuwar ƙaramar 'yar, babbar tana murza balan-balan yana ƙara, uban yana hana ta, ita kuma ta ƙi bari, har ya fizge ya fasa shi. Daga nan yarinyar ta jefa masa ƙaryar da ta san za ta fi yi masa ciwo game da uwarta da baffanta. Ban ga laifin yarinyar ba. An ce mata ubanta ya mutu, ta yi kukansa, ta fara sabawa da rashinsa, sannan aka dawo mata da wani mutum mai kama da shi wanda ba ya dariya, ba ya barci, yana yawo a tsakar gida da dare riƙe da bindiga. Babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, domin manyan gidan ma ba su fahimci abin da ke gabansu ba. Grace kuwa an bar ta tana auna kowace kalma kafin ta furta, tana kare yaranta daga mutumin da take ƙauna, kuma babu wata lambar yabo da ake bai wa mai irin wannan aiki.

Mahaifin Sam da Tommy tsohon sojan Biyetnam ne, mashayi mai zafin zuciya wanda ya fifita ɗa a kan ɗa. Da shi fim ɗin ya nuna cewa ciwon yana iya zama gado. Sai a 1980, bayan wancan yaƙi, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali a matsayin cuta mai suna, alhali irin wannan dattijo ya riga ya raini 'ya'yansa a cikinta.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu. Na farko, 'yan Afganistan da ke cikin labarin ba su da wata rawa sai ta azabtarwa, ba a nuna gidajensu ba, ba a nuna matansu da suke jiran mazajen da ba za su dawo ba, duk da cewa ƙasarsu ce aka yi yaƙin a cikinta. Na biyu ya fi damuna. An ɗora wa Sam wani babban asiri domin mai kallo ya samu dalilin rikicewarsa, amma sojoji da yawa suna dawowa a jigace ba tare da sun aikata komai makamancin haka ba. Watanni na rashin barci, da binne abokai, da zaman jiran nakiya a kan hanya sun isa. Haka kuma, farfasa ɗakin girki da fito-na-fito da 'yan sanda na iya sa mai kallo ya riƙa tsoron duk wanda ya dawo daga fagen daga, alhali mafi yawansu shiru suke yi, su janye daga mutane, ciwon yana cinsu a ɓoye.

Wannan batu bai yi mana nisa ba. Tun 2009 sojojin Najeriya suke yaƙi da Boko Haram a Borno da Yobe da Adamawa, takwarorinsu na Nijar da Chadi da Kamaru ma sun shiga yaƙin daga baya, kuma kowannensu yana da iyalin da yake komawa wurinsu, a bariki ko a cikin gari. Kowace ranar 15 ga Janairu a Najeriya ana ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya, wanda hakan daidai ne. Abin da nake son gani bayan wannan shi ne, kafin a sallami soja zuwa gida a sa likita ya zauna da shi, a kuma kira matarsa a faɗa mata alamomin da za ta lura da su da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa idan dare ya yi mata tsawo. Masu shirya finafinan Hausa, waɗanda suka ƙware wajen nuna zaman aure da rikicin cikin gida, suna da labarin matar soja a gabansu, kuma za su same shi idan suka je suka saurari matan bariki.