Alkawarin Salahuddin a Ƙofar Ƙudus

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana.

Duk sanda aka ambaci Masallacin Ƙudus, sunan da ke fara zuwa bakinmu shi ne Salahuddin Al-Ayyubi. Muna raɗa wa 'ya'yanmu sunansa, muna roƙon Allah ya sake ba mu irinsa. To amma yawancinmu takobinsa kawai muka sani. Yau ina so mu ɗan zauna a kan halinsa, don a ganina nan ne abin da ya shafe mu yake.

A watan Nuwamba na 1095 Fafaroma Urban na biyu ya tara jama'a a garin Kilamon na ƙasar Faransa, ya kira su su ɗauki gicciye su nufi Gabas, ya yi wa duk wanda ya tafi albishir da yafiyar zunubi. Sarkin Rumawa na Kustantiniyya ne ya nemi gudunmawa, saboda Turkawan Saljuk sun cinye masa ƙasa mai yawa. Wannan shi ne mafarin yaƙe-yaƙen da ake kira Salibiyya. Tun ba su bar Turai ba, a 1096, wasu gungu daga cikinsu suka afka wa Yahudawan da ke zaune a garuruwan bakin kogin Rain suka karkashe su.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lokacin da wannan runduna ta yi wa birnin Antakiya na ƙasar Sham zobe, sarkin Halab, Ridwan, da sarkin Dimashƙu, Duƙaƙ, wa da ƙane ne, ubansu ɗaya, amma ba sa ga maciji. Fiye da wata bakwai ana kewaye da birnin. Kowannensu ya kawo ɗauki shi kaɗai, a lokaci dabam, aka kuma fatattake shi shi kaɗai. Daga ƙarshe ma ba ƙarfi ne ya buɗe Antakiya ba, wani mai gadin hasumiya da ake kira Firuz ne ya haɗa baki da 'yan Salibiyya, ya bar su suka hau ganuwa cikin dare. Allah ya riga ya faɗa mana a Suratul Anfal: kada ku yi jayayya, sai ku raunana, ƙarfinku ya tafi.

Ranar Juma'a 15 ga Yuli 1099 suka shiga Ƙudus. Ba sai na ɗauko abin da Musulmi suka rubuta ba, marubutan da ke cikin rundunar da kansu sun ce a harabar Masallacin Aƙsa jini ya kai idon sawu. Wasu bayin Allah sun hau rufin masallacin, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin mai suna Tankired ya ba su tutarsa alamar aminci. Gari na wayewa aka hau aka kashe su. Ku riƙe wannan tutar a ranku, za mu dawo kanta.

Waɗanda suka tsira suka nufi Bagadaza cikin watan Ramadan tare da alƙali Abu Sa'ad Al-Harawi. Suka shiga masallaci ranar Juma'a suna kuka, jama'a suka taya su kuka. Halifa ya tashi tawaga ta je ta yi wa sarakunan Saljuk magana, ba ta kai ko'ina ba ta juyo. Hawaye dai ya zuba, babu rundunar da ta fita.

Wanda ya fara gyara na gaskiya shi ne Nuruddin Mahmud ɗan Zanki, mutumin da ba mu cika ambatonsa ba, alhali shi ne ubangidan Salahuddin. Da ya haɗa Halab da Dimashƙu a hannunsa a 1154, sai ya gina makarantu da asibiti, ya gina wa malamin hadisi Ibnu Asakir gidan koyar da hadisi, ya soke harajin zalunci da ake tatsar 'yan kasuwa. Ya kafa Darul Adli, inda yake zama da kansa tare da alƙalai, talaka ya kawo ƙarar kwamandan yaƙi a saurare shi. Ya sa massassaƙan Halab suka sassaƙa mumbari don Masallacin Aƙsa tun masallacin yana hannun abokan gaba. Ya rasu a 1174 bai ga an kafa shi ba. Mumbarin nan ya zauna a Aƙsa daga zamanin Salahuddin har 1969, lokacin da wani ɗan ƙasar Ostireliya ya sa wa masallacin wuta.

A Hiɗɗin, a ƙasar Falasɗinu, ranar 4 ga Yuli 1187, Salahuddin ya karya rundunar masarautar da 'yan Salibiyya suka kafa a Ƙudus. Aka kawo masa sarkinsu, Gai, cikin tanti, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ya miƙa masa ruwa mai ƙanƙara. Sarkin ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi, wanda Larabawa ke kira Arnaɗ, shugaban gidan yaƙin Karak. Nan take Salahuddin ya ce wa tafinta ya gaya wa sarkin cewa shi ne ya shayar da mutumin nan, ba shi Salahuddin ba. A al'adarsu, fursunan da ka ba ruwa ya shiga amanarka. Arnaɗ kuwa ya tare ayarin Musulmi ana cikin sulhu, Salahuddin ya yi rantsuwa zai kashe shi, ya kuma cika. Dubi mutumin da yake tsoron kada kofin ruwa ya ɗora masa alkawarin da ba zai cika ba.

Bayan kusan wata uku ya tsaya a ƙofar Ƙudus. Da farko ya ƙi sulhu, ya ce yadda aka karɓe ta da takobi haka zai karɓe ta. Jagoran masu tsaron birnin, Baliyan, ya yi barazanar rushe Ƙubbatus Sakhra, ƙubbar da ke harabar Aƙsa, da kashe fursunonin Musulmi da ke hannunsu. Salahuddin ya yi shawara da mutanensa, ya sauko. Aka yanka fansa: namiji dinari 10, mace dinari 5, yara ƙasa da haka, wa'adi kwana 40. Ranar Juma'a 27 ga Rajab 583, daidai da 2 ga Oktoba 1187, Musulmi suka shiga bayan shekara 88. Ba a yi wa mutanen birnin kisan kiyashi ba. Ƙaninsa Al-Adil ya roƙi a ba shi mutum dubu daga waɗanda suka kasa biya, aka ba shi, ya 'yanta su a wurin. Wasu suka ba da shawarar a rushe babban cocin Ƙiyama, ya ƙi, tunda Sayyidina Umar ma da ya karɓi birnin barinsa ya yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fitar babban limamin cocin. Ya loda zinariya da azurfa da shimfiɗun coci, ya biya dinari 10 kamar kowa, ya kama hanya, ga talakawan addininsa tsaye ba su da abin fansar kai. Magatakardan Salahuddin, Imaduddin, ya kasa haƙuri, ya ce wannan dukiya ai ba ta cikin yarjejeniya, a karɓe ta. Salahuddin ya ƙi, ya ce ba zai bari a ce Musulmi sun ci amana ba. Har 'yan rakiya ya haɗa shi da su zuwa birnin Sur. Ga mai tuta a 1099, ga wannan.

Yanzu ni da kai, ɗan'uwa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada kuma ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Amma sau nawa muke cewa "ai shi ma ya cuce ni" mu danne bashin mutum? Wani zai tauye mudu in mai sayen ba addininsu ɗaya ba, ya ga kamar ba komai. Wani zai karanta labarin 1099 jininsa ya tafasa, ya fita ya huce a kan maƙwabcinsa Kirista da suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, mutumin da bai san Tankired ba, kakanninsa ma ba su san shi ba. Hadisin Bukhari a fili yake: wanda ya kashe mutumin da ke cikin alkawarin zaman amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Mu kuma a tsakaninmu, wa da ƙane sun shekara goma ba sa gaisawa a kan gadon gona, kowannensu kuma yana ɗaga hannu yana addu'ar haɗin kan al'umma. Ridwan da Duƙaƙ ma ai masu salla ne.

Ban ce Salahuddin ma'asumi ba ne. Bayan Hiɗɗin ya sa an kashe mayaƙan ƙungiyoyin sufayen yaƙi na Kirista da aka kama, kuma dubban mutanen Ƙudus da ba a samu mai fansarsu ba sun shiga bauta. Mutum ne na zamaninsa, yaƙi kuma ba ya da kyan gani.

Alƙalin rundunarsa, Baha'uddin Ibnu Shaddad, ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa lokacin yaƙin birnin Akka. Masu satar shiga sansanin abokan gaba da dare sun ɗauko jariri ɗan wata uku. Uwarsa ta kwana tana kururuwa, har shugabanninta suka ce ta je wurin Salahuddin, mai tausayi ne. Ta ƙetaro ita kaɗai, ta same shi a kan doki, ta faɗi tana birgima da fuskarta cikin ƙasa. Da tafinta ya gaya masa damuwarta idonsa ya cika da hawaye. Aka bincika, ashe har an sayar da yaron a kasuwa. Ya sa aka biya wanda ya saya kuɗinsa, bai gusa daga wurin ba sai da aka miƙa mata ɗanta. Ta rungume shi ta ba shi nono mutane na kallo suna hawaye, sannan aka ɗora ta a kan dabba aka mayar da ita sansaninsu.

Ya rasu a Dimashƙu ranar 4 ga Maris 1193, bayan asuba, yana mulkin Masar da Sham. Da aka buɗe taskarsa, dirhami 47 aka tarar da gutsuren zinariya guda. Kuɗin hidimar jana'izarsa rance aka ciwo, har da na harawar da aka kwaɓa ƙasar kabarinsa da ita. Allah ya jiƙansa da rahama.