Feshin hayaƙi ba zai raba Legas da sauron rana ba

Duk lokacin da damina ta kankama a Legas, daga Afrilu zuwa Yuli, za ka ji ana kiran gwamnati ta zo ta yi feshin maganin sauro. Ana son a ga mota tana tafe tana zuba hayaƙi a layi, yara na binta da gudu. Ni dai ina ganin kuɗin da ake kashewa a irin wannan feshi zai fi amfani idan aka ɗauki ma'aikatan duba-gari da shi, aka ba su kayan aiki.

Dalilina shi ne ba sauro ɗaya muke fama da shi ba. Mun saba da mai kawo maleriya, wanda ke cizo da dare, gidan sauro kuma yana tare shi. Amma akwai wani baƙi mai zanen fari a ƙafafu, masana na kiransa Aedes, shi ke ɗauke da ƙwayoyin zazzaɓin denge da na shawara da cikungunya. Wannan da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar sakaliya, lokacin da mai kayan gwari ke tsaye a Mile 12, mai shayi na kafa teburinsa a Agege. Kuma kwata mai wari ba ta dame shi ba. Ruwa mai ɗan tsabta yake nema: duro da ba a rufe ba, jarkar mai garuwa, tsohuwar taya a gefen mai faci, gwangwani a tarin kayan 'yan bola. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba, ƙwan kuma yana manne a jikin mazubi na watanni ko da ruwan ya bushe, yana jiran ruwan sama. Hayaƙin mota zai kashe na sama da ya ci karo da shi, mako na zagayowa sababbi sun fito daga bayan ɗaki.

Kar a ɗauka cututtukan nan na wasu ƙasashe ne. Tun a shekarun 1960 aka gano ƙwayar denge a Ibadan. Cutar shawara ta sake ɓulla a jihar Kwara a 2017 bayan an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, a ƙarshen 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato. Garin da jirage ke sauka dare da rana, ga tashar Apapa, ga manyan motocin Arewa na shigowa kullum, bai kamata ya jira sai asibitoci sun cika ba.

Aikin sa ido ba wani abu ne mai wuya ba. Ana ajiye ƙananan kofuna masu ruwa a unguwa don sauron ya yi ƙwai a ciki, a ƙirga duk mako, a shiga gidaje a duba mazubai nawa ne ke da tsutsa. Da haka ƙaramar hukuma za ta san wace unguwa ce ta fi haɗari kafin mutum ɗaya ya kwanta. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, ga cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba da za ta iya gwada ko maganin da ake fesawa yana kashe sauron ma tukuna. A asibitin unguwa kuwa, wanda gwaji ya nuna ba shi da maleriya amma jikinsa na zafi, gaɓoɓi na ciwo, ya kamata a yi masa gwajin denge. Abin da muka saba shi ne a ce taifod ce, a wuce kemis, alhali asfirin da ibuprofen na iya jawo wa mai denge zubar jini.

Na san abin da mutanenmu za su ce: duba-gari a Legas ai wata sabuwar hanyar karɓar na goro ce, kuma Bahaushe ne zai fara biya. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa dole a shigo da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwa tun daga farko, a fara da gargaɗi kafin tara, kowace tara kuma da rasit. Kasuwanni sun riga sun saba da sharar ranar Alhamis da safe, sai a ƙara kife mazubai da goge cikin duro a kai. Gwamnati ita ma ta tuna cewa ba don sha'awa mutane ke tara ruwa a ɗaki ba, famfo ne babu.

Cutar shawara dai tana da rigakafi, allura ɗaya tak ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi wa jarirai a wata 9. Magidantan da suka kawo iyali daga gida su duba katin yaransu a wannan makon.