Ana Karɓar Kuɗin Lesin, Ana Zana wa Yara Metan a Kwance

Wai har yaushe wasu masu lesin na Samaru da Sabon Gari za su riƙa karɓar kuɗin iyaye suna zana CH₄, wato iskar metan, a allo kamar alamar tarawa? Kabon a tsakiya, haidurojin sama, ƙasa, hagu, dama. Yaro ya kwafa, ya tafi gida da tabbacin kusurwar 90° ce. Washegari a miƙa masa fotokwafi mai dishi-dishi da ke cewa 109.5°, a ce "ka haddace, WAEC na tambaya." Haba malam! Ta ina zai haɗa biyun?

Abin takaicin, ƙa'idar VSEPR ta gano siffar ƙwayar sinadari, wadda masana kimiyya Gillespie da Nyholm suka daidaita a 1957, ba wuya gare ta ba. Ka zana tsarin Lewis, wato zanen da ke nuna elektiron na waje da ɗige-ɗige da layuka, ka ƙirga rukunin elektiron da ke kewaye da zarrar tsakiya, haɗi mai ninki biyu ko uku ka lissafa shi ɗaya. Rukunan na ture juna har su nisanci juna iyakar iyawarsu, daga nan ake samun kusurwar. In biyu ne, 180°, kamar CO₂. Uku, 120°, kamar BF₃. Huɗu, 109.5°, kamar metan.

Inda ake cutar yaran shi ne tagwayen elektiron da ba su shiga haɗi ba. Ba a zana su, ba a ƙirga su, alhali sun fi cin wuri. Naitirojin na NH₃, wato amoniya, na da tagwaye ɗaya, sai ya matse kusurwar zuwa kusan 107°. Oksijin na ruwa elektiron shida gare shi a waje: biyu sun shiga haɗi, huɗu sun rage, wato tagwaye biyu, kusurwa ta sauko 104.5°. Yaron da aka tsallake masa wannan zai rantse H₂O miƙe yake kamar CO₂, tunda duk zarra uku ne. A ba shi SO₂, wanda ba ya cikin fotokwafin, sai ya hau cizon biro.

Kada kowa ya fake da "babu kayan aiki." Balan-balan huɗu na shagon unguwa, a hura su daidai, a ɗaure bakinsu wuri guda, da kansu za su ɗauki siffar metan. Ko wannan an kasa saye, amma ranar biyan kuɗin wata ba a taɓa mantawa.

Iyaye, ku tambayi ɗanku yau da dare: me ya sa ruwa ya lanƙwasa, CO₂ bai lanƙwasa ba? In ya ce "haka malam ya ce," ku je ku sami malamin.