Takardar koyar da Turanci: ɗaliban suna nan Agege

Watanni kaɗan da suka wuce ɗan yayata ya same ni a gida nan Agege, waya a hannu, bakinsa har kunne. Ya gama bautar ƙasa, aiki shiru. Ya ce, "Kawu, duba wannan. Kwas ne na TEFL a intanet. In na gama za su ba ni satifiket, in riƙa koya wa 'yan ƙasashen waje Turanci, biya da dala." Na karɓi wayar na karanta. Kuɗin ba yawa, har da rangwame, kuma wai cikin 'yan kwanaki mutum zai kammala. Tambaya ɗaya na yi masa: a wace rana za ka tsaya gaban ɗalibai na gaske, wani gwani na zaune a bayan aji yana lura da kai? Ya duba ya sake dubawa. Babu wannan ranar.

TEFL taƙaitaccen suna ne na fannin koyar da Turanci ga wanda Turanci baƙon harshe ne a wurinsa. Babu wata hukuma ɗaya a duniya da ke riƙe da linzaminsa, don haka kowa na iya buɗe shafi ya buga takarda mai hatimi. Biyu ne suka fi kima a idon masu ɗaukar aiki: CELTA ta Cambridge da CertTESOL ta Trinity College London. CELTA kan ɗauki kimanin awa 120, wato mako huɗu zuwa biyar ga wanda ya ba ta duk lokacinsa, kuma ba a ba ka takardar sai ka yi awa 6 kana koyarwa ana duba ka ana gyara maka. A ganina waɗannan awa shida su ne ƙashin bayan horon. A cikinsu ne malami ke gane cewa ya cika surutu, cewa ya yi minti ashirin yana bayani ɗalibi ko ɗaya bai buɗe baki ba.

Batun fita waje kuwa, gara matasanmu su ji gaskiya tun yanzu. Koriya ta Kudu, a ƙa'idar bizar malaman Turanci, 'yan ƙasashe bakwai ta fi buɗe wa ƙofa: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Fasfon Najeriya ba ya ciki. Ƙasar Sin kuma a 2021 ta kafa dokar da ta durƙusar da kasuwar koya wa yara darasi ta intanet, wadda dubban malamai baƙi ke ci daga gare ta. Shafukan haɗa malami da ɗalibi irin su Preply da italki na nan, akwai kuma 'yan Najeriya da ke samun na cefane a cikinsu, amma sai da wuta tsayayya, da data, da haƙurin tara ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Ban ce kada a nema ba. Abin da ke damuna shi ne mun zura ido ƙetare, alhali masu bukatar wannan ilimi suna bakin ƙofarmu.

Na taɓa zama a bayan wani ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan sallar isha'i a ɗakin wata Islamiyya. Mutum goma sha wani abu: masu gadi, masu tumatir daga Mile 12, mahauta daga Oko-Oba, da samari biyu daga Maraɗi waɗanda ɗan bokon da suka yi da Faransanci ne. Malamin yana da digiri a Turanci, mutumin kirki ne, ba ya karɓar ko kwabo. Ya cika allo da ma'anar suna da aikatau da sifa, suna kwafa. Can wani dattijo mai furfura a gemu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a gafarce ni. Ni so nake in na kai iyalina asibiti in faɗa wa likita inda ke mata ciwo, ba sai na nemo yaron maƙwabta ya yi mini tafinta ba." Malam ya ce, "To Baba, za mu zo wurin." Har aka tashi ba a zo ba. Laifin ba na malamin ba ne. An koya masa Turanci, ba a koya masa yadda ake koyar da shi ga wanda bai taɓa jinsa a gida ba. Wanda ya sami horon kirki da wannan bukata ta dattijo zai fara: jimla biyar, ɗaya ya zama likita ɗaya marar lafiya, a maimaita har baki ya saba, nahawu ya biyo baya.

Za a ce ai Turanci harshen hukuma ne a Najeriya, yaya za a kira shi baƙo? A takarda haka ne. Amma yaron da ya tashi a Zangon Agege ko Idi-Araba Hausa yake ji a gida, Yarabanci a layi, Burokin a tashar mota, Larabci a makarantar allo. Turancin da WAEC ke tambaya, wanda in babu kiredit a cikinsa babu jami'a, a aji kaɗai yake haɗuwa da shi.

A nan ne malami Bahaushe ke da abin da Baturen Ingila ba shi da shi. Ya san inda ɗan'uwansa zai yi tuntuɓe tun kafin ya iso wurin. Ya san ba mu raba "p" da "f" ba, shi ya sa "pan" da "fan" ke zama abu ɗaya a bakinmu. Ya san harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali, abin da ya ba mu burodi da sukudireba. Ya san "ji" ɗinmu ɗaya ne ga kunne da hanci da zuciya, "sha" kuma ga ruwa da magani da lemon zaƙi, Turanci kuwa kowanne da kalmarsa. In yaro ya kira kujera da "she", malamin ya san ba shirme ba ne, kujera mace ce a Hausa. Wannan sani ba a sayar da shi a kowane kwas. Abin da ya rage masa shi ne dabarar aji.

Masu tsoron kada Turanci ya danne Hausa ma ina tare da su, kuma tarihi na ba su amsa. Farfesa Babs Fafunwa, haifaffen Legas, ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koya wa yara darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, aka bar Turanci a matsayin darasi a hannun malaman da aka horar musamman dominsa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Wato harshen uwa bai taɓa zama cikas ba, horon malamin Turancin ne ke raba gardama.

CELTA tana da tsada, da kuɗin waje ake lissafa ta, ba kowane gida zai iya ba. Amma ƙungiyoyinmu na kasuwa, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, da ke tara kuɗin gina masallaci, za su iya ɗaukar nauyin mutum biyu ko uku, mace a cikinsu saboda azuzuwan matan aure, da sharaɗin su dawo su horar da malaman Islamiyyu da makarantun unguwa.

Ɗan yayata dai bai biya kuɗin wancan kwas ɗin ba. Yana tara kuɗi don na ƙwarai. Kafin nan, daren Litinin da na Laraba yana koyarwa a ajin nan na bayan isha'i, wata tsohuwar malamar firamare maƙwabciyarmu kan zauna a benci na ƙarshe da biro da takarda. Makon jiya ta nuna masa abin da ta rubuta: a darasin minti arba'in, shi ya yi magana na talatin.