Faɗuwar farko ba ta kashe ɗan dambe, asirinsa take tonawa

A ƙarshen azumin 2019, daren Asabar wayewar Lahadi, mun ƙi kwanciya a fadarmu ta nan Tawa. Muka ce mu haɗa sahur da kallon damben Anthony Joshua a birnin New York, tunda a agogonmu sai wajen ƙarfe huɗu na asuba za a fara. Wayar mutum ɗaya aka jingina da kwalin sukari, mu kusan goma muka yi mata rumfa da kawuna, butar shayi tana kan gawayi har ruwan ya ƙone ba wanda ya waiwaye ta. Joshua ya shiga fili da karawa 22, nasara 22. Andy Ruiz kuwa cike gurbi aka kira shi ya yi, makonni kaɗan kafin ranar, ga shi gajere, ga teɓa. A turmi na uku Joshua ya kai shi ƙasa, har wasu suka fara neman takalmansu. Sai Ruiz ya miƙe, ya kai Joshua ƙasa sau biyu a cikin turmin nan, ya ƙara masa biyu a turmi na bakwai, alƙali ya tsayar da wasa.

Ƙanena da ke kusa da ni ya ce: "Yaya, shi ke nan, ya ƙare."

Wannan magana ce nake jayayya da ita tun ranar, don ina jin ta duk lokacin da aka fara kayar da ɗan damben da bai taɓa shan ƙasa ba. Mutum ya yi shekara goma yana gina suna, a dare ɗaya a shafa masa fatiha.

A damben zamani na masu neman kuɗi, sifirin nan da ake rubutawa a gaban sunan ɗan dambe, alamar bai taɓa faɗuwa ba, haja ce. Da ita ake sayar da tikiti, da ita ake ciniki da gidajen talabijin. Shi ya sa masu shirya wasa suke lallaɓa ta kamar ƙwai. Yaro mai tasowa, karawarsa goma ko sha biyar ta farko, yawanci zaɓo masa ake yi: tsohon da ƙafa ta yi wa nauyi, ko wanda ya saba zuwa ya sha duka ya karɓi kuɗinsa ya koma gida. Tun da Floyd Mayweather ya yi ritaya da nasara 50 ba faɗuwa, abin ya ƙara zama ciwo, kowane matashi yana gudun abokin karawar da zai iya ɓata masa takarda. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda aka yi ta ɓoye wa rauninsa, ranar da ya gamu da gabansa a bainar jama'a zai fara ganin raunin, lokaci ɗaya da 'yan kallo.

Abin da ya biyo bayan wannan rana shi ne ke raba 'yan dambe gida biyu, kuma babu labarin da ya fi nuna haka kamar na Joe Louis. A 1936 ana ganin babu mai tare shi. Max Schmeling na Jamus, wanda ya girme shi da kusan shekara tara, ya zauna ya nazarci hotunan damben yaron, ya lura duk lokacin da Louis ya kai naushin hagu yakan saki hannun ya yi ƙasa kafin ya mayar da shi ya kare fuska. Ta wannan kafa ya yi ta zuba masa dama har ya kwantar da shi a turmi na 12. Louis ya koma wurin horo ya toshe kafar. Shekara ta zagayo ya ɗauki kambun duniya na ajin masu nauyi, a 1938 ya sake haɗuwa da Schmeling ya gama da shi cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu. Ya riƙe kambun har 1949, ya kare shi sau 25. Ni a ganina Schmeling ya yi masa aikin da duk masu horar da shi suka kasa, don ya nuna masa ɓarakar ta hanyar da babu damar musu.

Lennox Lewis ma haka ya yi, har ya zarce. Da Oliver McCall ya kayar da shi a turmi na biyu a 1994, sai ya je ya ɗauko Emanuel Steward, mutumin da ya tsara wa McCall yadda zai doke shi, ya ce zo ka gyara ni. Wannan sai mai zuciya. Ka je wurin wanda ya kitsa kunyarka ka zauna a gabansa kamar ɗan makaranta.

Sai ɗaya gidan. Naseem Hamed, ɗan asalin Yaman da aka haifa a Ingila, yana da nasara 35 lokacin da Marco Antonio Barrera na Meziko ya cinye shi da maki a 2001. Ba a sumar da shi ba, bai ji wani mummunan rauni ba. Amma karawa ɗaya tak ya ƙara yi, ya ajiye safar hannu yana ɗan shekara 28. Har yau ina jin takaicin wannan, don irin baiwarsa ba kullum ake samu ba. Deontay Wilder kuwa, da Tyson Fury ya lallasa shi a 2020, sai ya ɗora laifi a kan nauyin kayan adon da ya sa ya shigo fili, ya kuma sallami Mark Breland, mai horarwar da ya jefa tawul don ya cece shi. Wanda ya kori mai faɗa masa gaskiya, wa ya rage ya nuna masa inda hannunsa ke sauka?

Ana yawan kawo Mike Tyson a matsayin hujjar cewa faɗuwar farko tana rusa mutum. A Tokiyo, a watan Fabrairun 1990, Buster Douglas ya kwantar da shi a turmi na goma bayan nasara 37 a jere. Sai dai kafin wannan dare, Cus D'Amato da ya raine shi ya rasu tun 1985, an raba shi da mai horar da shi Kevin Rooney a 1988, horo ya yi sanyi, rigingimun gida sun yi yawa. Bango ya riga ya tsage, Douglas ƙadangare ne da ya samu wurin shiga. Babban abin da Tyson ya rasa a Tokiyo shi ne tsoron da ake ji masa. Da can rabin abokan karawarsa tun a ɗakin sauya kaya gwiwarsu take sanyi. Daga ranar kowa ya san shi ma yana faɗuwa.

Ba na cewa faɗuwa ba ta da illa. Kuɗin karawa ta gaba yakan ragu, 'yan rakiya su watse, waya ta daina ƙara. Naushin da ya sumar da mutum kuma ƙwaƙwalwa yake girgizawa, shi ya sa hukumomin dambe ke dakatar da wanda aka sumar na makonni kafin ya sake ko da atisaye. Akwai wanda gyaransa shi ne ya haƙura, kuma duk mai ƙaunarsa ya kamata ya faɗa masa. Shi kansa Joshua, ya karɓo kambunansa daga Ruiz a Saudiyya a watan Disamban shekarar, amma da dabarar buga-ka-ja-da-baya ya yi, kuma tun daga nan ana ganin ɗari-ɗari a tare da shi wanda babu shi a da. Ƙanena yana da rabin gaskiya. Sai dai mutumin da ya ce ya ƙare, wata shida bayan nan ya sake zama zakaran duniya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu 'yan Nijar ne ke saurin yanke wannan hukunci, alhali mun fi kowa sanin faɗuwa. Tun da aka fara gasar takobi ta kokawar gargajiya a nan Tawa a 1975, ƙa'idar ita ce wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobin bana. Kullum da yamma ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, suna ta raguwa. Amma wanda aka kayar ba ya tattara kayansa ya tafi. Gobe zai ɗaura layunsa ya sake shiga fili don jiharsa, makaɗa su kaɗa masa takensa kamar jiya, har ya kayar da wani da bai taɓa faɗuwa ba ya hana shi takobi. Na taɓa zama kusa da wani dattijo, tsohon ɗan kokawa, aka kayar da wani yaro da ake ji da shi, jama'a suna ta ihu. Shi kuwa dattijon bai kalli wanda ya yi kayen ba, yaron da ke ƙasa ya zuba wa ido, yana son ya ga yadda zai tashi. Yaron ya miƙe, ya karkaɗe ƙasa daga cinyarsa, ya je ya rungumi wanda ya kayar da shi. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, wannan za a sake ganinsa baɗi.

Irin wannan ido nake so mu riƙa yi wa 'yan damben zamani, na waje da namu masu tasowa a Yamai. In an kayar da yaro, a duba wa ya zaɓa ya kara da shi na gaba, wa ya bari a kusurwarsa, me ya ce da bakinsa washegari. George Foreman ya shiga Kinshasa a 1974 da nasara 40, Muhammad Ali ya kwantar da shi a turmi na takwas. Shekara ashirin cif bayan nan, yana ɗan shekara 45, ya karɓo kambun duniya daga hannun Michael Moorer, wanda shi ma ranar ce faɗuwarsa ta farko. Marigayi Issaka Daboré kuwa, ko da yake damben Olimfik ya yi, ya je Tokiyo a 1964 ya dawo hannu biyu, ya je Meziko a 1968 ya dawo haka. Sai a zuwa na uku, a Munik a 1972, ya kai wasan kusa da na ƙarshe, aka doke shi a nan, ya dawo gida da tagullar da ta zama lambar Olimfik ta farko a tarihin Nijar.