Tankin haidirolik ba tulun ruwa ba ne

Jiya da la'asar na biyo ta ramin da ake ɗibar jar ƙasa a bayan garinmu, nan gefen Jahun, na tarar da eskabeta a kashe, tifofi huɗu sun jeru, direbobin na kishingiɗe a gindin dalbejiya. Gefen tankin haidirolik, wato na man da ke motsa hannun injin, ya jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta manne masa kamar an yaɓa laka. Na yi shekara shida ina yaron katafila kafin na dawo gona, don haka ban buƙaci dogon bayani ba.

Na ce da yaron injin, "Ƙanena, wa ya ƙara mai?"

"Ni ne, Yaya. Da safe na ga ya yi ƙasa a gilashi, na ce gara in cika shi fal kafin Oga ya zo."

"Yaya aka ajiye hannun lokacin?"

"A naɗe, bokitin a lanƙwashe."

To, a nan gizo ke saƙar. In aka naɗe hannun eskabeta, sandunan silinda masu ƙyallin nan duk suna waje, man da ya turo su kuwa yana cikin silinda, bai dawo tanki ba. Sai gilashin awon mai da ke jikin tankin ya nuna maka ya ragu, alhali ko ɗigo bai zube ba. Ka ɗauko jarka ka ɗura, ofireta ya tayar da inji ya miƙe hannu, sanduna su koma ciki, mai ya dawo gida ya tarar an cinye masa wuri. Shi ya sa kowane kamfani ke da yadda yake so a ajiye injin kafin a duba. A yawancin Komatsu, a fili shimfiɗaɗɗe, hannu a miƙe, haƙoran bokiti a ƙasa. Sau da yawa ma hoton yadda za a ajiye shi na manne kusa da tankin, datti ne ya rufe shi.

Ga kuma zafi. Mai yana kumbura. Lita 200 in ta tashi daga maki 30 da safe zuwa 80 a tsakiyar aiki, tana ƙaruwa da kusan lita 7. A bazarar Jigawa, da rana kaɗai ke haura maki 40, injin ba ya daɗewa ya kai nan. Filin da aka bari a saman tanki, wanda mu ke gani kamar rowa, na wannan ne.

In babu filin, sai man ya yi amai ta murfin da tanki ke numfashi. Murfin ya jiƙe, ƙura ta toshe shi, matsi ya taru a ciki ya nemi inda ya fi rauni: gasket, bakin tiyo, wani lokaci har walda. Iska kuma ba ta samun hanyar rabuwa da man, sai ya yi kumfa kamar an kaɗa nono. Hannu ya yi sanyi, ka ja liba ya yi jinkiri sannan ya fizga, famfo na kuka kamar injin niƙan da aka sa wa tsakuwa. Ban ma zo kan man da ke fantsama kusa da inji mai zafi ba, balle wanda ke tsiyaya a ƙasar da wani zai shuka gero da damina.

Abin da ke ba ni haushi, da an samu haka sai ka ji ana cewa man jabu ne, ko sil ɗin, robar da ke hana mai yoyo, ba na asali ba ne, a tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo sabo, bayan sati biyu a koma gidan jiya. Ni kam ban ga laifin yaron nan sosai ba. Mai injin da zai zage ka tas in ya ga mai ya sauka, amma bai taɓa tsayawa minti biyar ya nuna maka layin H (na sama) da na L (na ƙasa) a gilashin ba, shi ya koya maka cikawa. Ni ma haka na yi a farkon zuwana, kuma yabo na sha a ranar.

Muka jira man ya huce, aka sassauta murfi a hankali iska ta fice, muka rage kusan rabin jarka har ya tsaya tsakanin layukan biyu. Murfin dai sai an sauya. Da zan tafi na waiwaya, na ga yaron ya sa tsumma yana goge hoton nan na gefen tanki.