Fentin kyauta a bangon Kawu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gumel, tun daga Gezawa zai ga shagunan bakin titi sun sha fenti: wannan rawaya, wancan ja, na gaba kore shar. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 kamfanoni suka gane bangon talaka ya fi allon talla araha. Yanzu sun ƙara wayo. Sai a ɗauko mai zane ya zana manomi da garmarsa, ko uwa tana tuƙa tuwo, a ƙawata da dagin Arewa, tambarin kamfani kuma ya laɓe a kusurwa. Wai raya al'ada ake yi.

Bara aka yi wa shagon kawuna haka. Wasu samari suka sauke bokitan fenti, suka ce, "Baba, gyara za mu yi maka kyauta." Ya sa musu albarka. Ko sisi ba a ba shi ba, balle takarda. Mai zanen ɗan garinmu ne, shi ke rubuta wa 'yan tifa "Allah ya kiyaye hanya". Ina tsaye, kafin ya tsoma burushi sai ya leƙa waya, hoton da aka turo daga ofis yake bi sau da ƙafa. Da ya nemi sa sunansa a ƙasa, aka ce ba a yi da shi haka ba.

Zanen ya yi kyau, ban musa ba, yaron kuma ya sami na cefane a lokacin da aiki ya yi wuya. Amma a ƙasar Hausa bango bakin mai gida ne. Magini in ya zayyana ƙofar zaure, ya shafe ta da makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, baƙo daga nesa ya san gidan malami ne ko na attajiri. Masallacin Juma'a na Zariya har gobe ba a ambatonsa sai da sunan magininsa, Babban Gwani Muhammadu Durugu. Bangon Kawu fa? Ba sunan mai shi, ba na mai zane, saƙon wani yake isarwa dare da rana.

In talla ce a kira ta talla, a biya haya kamar yadda ake biyan allunan cikin birni, a rubuta wa'adi, a faɗi wanda zai gyara in ta lalace.

Damina ɗaya fentin ya soma ɓarewa, manomin ya rasa rabin fuska. Kawu ya kira lambar da suka bar masa, a kashe take.